Gemu Ba Ya Hana Ilimi, To Me Ke Hana Mai Gemu Komawa Aji?

Bakaniken da aka yaye a zamanin Fijo 504, lokacin da kamfanin PAN na Kaduna ke harhaɗa ta, da kunne yake gane ciwon mota. A tayar da inji ya saurara, ya ce kafireto ne ko fulogi, kuma da wuya ya kuskure. Motocin da ake kawo masa yanzu ba sa faɗa wa kunne gaskiya. Akwai kwamfuta a cikinsu, sai an jona sikana an karanta lambobin da ta nuna, bayanin lambobin kuma da Turanci yake. Ana cikin haka Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnati ta shiga kiran masu motoci su koma iskar gas ta CNG, wadda juya inji zuwa gare ta fanni ne mai zaman kansa. Mutumin nan ya haura shekara hamsin, yana da iyali, yana da yara bakwai ko takwas a gareji masu kiransa oga. Ƙarfinsa bai ƙare ba, aikin ne ya sauya masa a hannu. Ina zai je ya ƙaro sani, wa zai biya, wa kuma zai riƙe masa cefane ranar da ya rufe gareji ya tafi aji?

Tambayar ke nan da ke ƙarƙashin abin da masana ke kira koyo har tsawon rayuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a ƙuduri na huɗu cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da aka amince da su a 2015, Tarayyar Turai kuma ta ɗora wa kanta cewa kafin 2030 kashi 60 cikin ɗari na manyanta su riƙa shiga wani horo kowace shekara. Mu a nan da zarar an ce ilimin manya, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ajin yaƙi da jahilci, dattawa a kan benci suna bitar baƙaƙe da wasula. Daga nan ruɗanin ya soma, domin mutum uku ake yi wa kuɗin goro. Akwai wanda bai iya karatu da rubutu ba sam. Akwai wanda ya fara makaranta ya tsaya a hanya yana neman takardar da za ta buɗe masa ƙofa, kamar matar da aka cire daga aji uku na sakandare aka yi mata aure, ko masinjan ofis mai son zama akawu. Sai na uku, mai sana'a a hannu wanda zamani ke neman tsere masa. Buƙatarsu ba ɗaya ba ce, lokacin da suke da shi ba ɗaya ba ne, hukumomin da aka ɗora wa alhakinsu ma daban-daban ne, ga shi sau da yawa mutum guda ne ke fama da matsala ta farko da ta uku a lokaci ɗaya.

Alƙaluman da ake yawan ambato sun ce kimanin kashi 62 cikin ɗari na manyan Najeriya ne suka iya karatu da rubutu a 2018. Sai dai a yi hattara da wannan lamba a Arewa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2010 ya raba tambayar gida biyu, sai aka samu kusan kashi 58 sun iya karatu da Turanci, amma kusan kashi 72 sun iya da wani harshe ko wane ne. A cikin wannan tazara akwai malamin da ke karanta littattafan fiƙihu da Larabci yana rubuta wasiƙa da ajami, wanda fom ɗin banki ke mayar da shi mai dangwala yatsa. Lamba ta biyu ta fi wannan muhimmanci. Hukumar ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3, daga baya kuma ta ce a farkon 2023 kashi 4.1 ne. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba, ma'aunin aka sauya: duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya ne a mako ya shiga sahun masu aiki. An yi ta zagin wannan lissafi, amma akwai gaskiyar da ya tono. Mutanen ƙasar nan ba a zaune suke ba, talauci ba ya barin mutum ya zauna. Sama da kashi 90 na masu aikin suna yin sa ne a gona, kasuwa, shago da bakin titi, inda babu takardar ɗaukar aiki, babu fansho, babu kuma wani manaja da zai tura ka kwas. Duk tsarin horon da aka gina a kan kamfani da albashi, mutum ɗaya cikin goma yake wa magana.

Kuma kada wani ya ce Bahaushe baƙo ne a wajen karatun girma. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru inda jajis, mata masu shekaru da aka naɗa da malfa, ke ɗaukar darasi daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka a gidajensu. Makarantar zaure har gobe tana nan: ɗan kasuwa ya ɗauki darasi bayan Asuba kafin ya buɗe rumfa, ko tsakanin Magariba da Isha'i, shekara ashirin yana zuwa da littafinsa a hammata, babu rajista, babu ranar kammalawa, babu wanda ya taɓa cewa ya yi girma da zama gaban malam. Islamiyyun matan aure sun cika unguwanni, har da kakanni masu sauka. A ganina babu wani shirin gwamnati da ya taɓa tara manya a aji kamar yadda waɗannan makarantu suka tara, ba tare da alawus ba. Dalilin a fili yake. Darasin yana zuwa a lokacin da mutum yake da sarari, a unguwarsu, da harshen da yake ji, a hannun wanda yake girmamawa, kuma ya san amfanin abin da yake nema.

Gwamnati ma ta taɓa kama wannan hanya. A farkon shekarun 1950 Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na Katsina na cikin jagororinsa. Da Hausa da sauran harsunan gida aka koyar, En'e ta tsaya a kai, hakimai da dagatai suka tara jama'a. Manomin gyaɗa ko auduga yana da dalilin zuwa, domin yana so ya karanta abin da sikeli ya nuna da idonsa, ya duba rasiɗin haraji, ya rubuta wa ɗansa wasiƙa ba tare da ya tona asirinsa ga mai rubutu a bakin gidan waya ba. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne an yi tunanin abin da zai biyo bayan aji. An kafa hukumar wallafa littattafai ta Jihar Arewa, NORLA, a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha, larduna kuma suka samu jaridunsu: Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zariya. Wanda ya koyi baƙi yana da abin karantawa washegari. An rufe NORLA a 1959. Babban da ya koyi karatu a wata shida ya kuma rasa abin karantawa, cikin shekara biyu karatun yake zubewa, wannan duk malamin yaƙi da jahilci ya san shi.

An sake yunƙurawa a 1980 lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Jihar Kano, wadda aikinta ya jawo mata lambar yabo daga UNESCO a 1983, sauran jihohi suka kwaikwaya. Gwamnatin Shagari ta ƙaddamar da gangamin shekara goma a 1982, sannan a 1990 aka kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa, NMEC. Hukumomin suna nan har yau da ofisoshinsu da allunansu. Abin da ya ragu shi ne kuɗi da idon gwamna. Tun da aka kawo dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE a 2004 hankali ya karkata ga yaran firamare, abin da ba laifi ba ne, amma ilimin manya ya zama ɗan bora a ma'aikatun ilimi. Ana tuna shi ranar 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya, a yi jawabi a watse, malaman sa-kai kuma su ci gaba da bin bashin ɗan alawus ɗinsu.

Wannan ɓangaren karatu ke nan. A ɓangaren sana'a, tsohuwar hukuma ita ce ITF, asusun horar da ma'aikatan masana'antu, mai hedikwata a Jos, wadda aka kafa a 1971. Tsarinta yana da hikima: kamfanin da ya kai wani girma zai biya kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a shekara, idan ya nuna ya horar da su a mayar masa da wani kaso. Wato an yi wa mai kamfani dabarar da ko ya horar ko ya yi asara. Ita ce kuma ta ƙirƙiro SIWES, zuwan ɗalibai masana'antu don gwajin aiki. An kafa NBTE a Kaduna a 1977 domin kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, sai hukumar samar da ayyukan yi ta NDE a zamanin Babangida da shirinta na tura matasa koyon sana'a wurin ƙwararru. Matsalar ita ce an tsara ITF ne a lokacin da ake zaton masana'antun Kakuri a Kaduna da na Bompai da Sharaɗa a Kano za su ci gaba da haɗiye ma'aikata. Masaƙar KTL da ta fara aiki a Kaduna a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007. Dubban mutanen da suka shafe shekaru suna sarrafa injunan saƙa, suka san aikin lantarki da tukunyar tururi da rini, aka sallame su ba tare da wani ya tambayi inda za a juya wannan ƙwarewa ba. Da yawa sun hau acaɓa, wasu sun mutu suna jiran haƙƙinsu. Idan ana neman misalin abin da rashin tsarin sake horar da babba ke jawowa, ba sai an je wata ƙasa ba.

To su wa ke komawa aji? Waɗanda suka riga suka yi aji. Binciken ƙwarewar manya da ƙungiyar OECD ke yi a ƙasashe masu arziki ya sha nuna cewa mai digiri ya fi wanda bai gama sakandare ba shiga horo nesa ba kusa ba, ma'aikacin babban kamfani ya fi na ƙarami, matashi ya fi dattijo. A nan ma haka ne, kuma misalan da suka yi nasara sun nuna dalili. Cibiyar horar da malamai ta NTI a Kaduna, da aka kafa a 1976, ta ɗaga dubban malamai masu Gired Tu zuwa NCE ta hanyar karatun ƙarshen mako da na hutu. Malaman sun je ne saboda an ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, wanda ba shi da ita kujerarsa na rawa. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda aka kafa a 1983, sojoji suka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, ta cika da 'yan sanda da ma'aikatan jinya da na ƙananan hukumomi masu neman ƙarin girma. Obasanjo da kansa ya karɓi digirin digirgir a can a farkon 2018 yana da shekara 80. Duk waɗannan mutane suna da albashin da ke shigowa ko suna aji ko ba sa aji, kuma takardar tana da farashi a ofis. Magini ba shi da ko ɗaya cikin biyun.

Mai aikin hannu kullum ta Allah yake ci. Ranar da bai fita ba, tukunya ba ta hau ba. Ko da kwas ɗin kyauta ne, kuɗinsa na gaskiya shi ne wunin da aka rasa, da kuɗin mota, da kwastoman da ya zo ya tarar da shago a rufe ya wuce na gaba. Shi ya sa horon Litinin zuwa Juma'a daga ƙarfe takwas zuwa biyu yake tara marasa aiki ya kori masu aiki. Sannan akwai kunya, wadda masu tsara shiri a Abuja ba sa sa ta a lissafi. Ka ce wa oga ya zauna benci ɗaya da yaron da ya aika sayen bodi jiya, yarinya sa'ar 'yarsa tana tsaye a gaban allo, sai ka ji ya ce, "Haba Malam, da girmana? A bar wa yara." Ba ilimin yake gudu ba, ranar da za a ce ya karanta a gaban jama'a ya kasa yake gudu. Akwai kuma harshe. Littafin koyarwa da Turanci, jarrabawa da Turanci, alhali a gareji da Hausa ake aikin, da kalmomin da makanikai suka riga suka hausantar. Wanda zai iya kwance giyabos ya ɗaure ido rufe yakan faɗi jarrabawar da ba ta auna komai ba sai Turancinsa.

Na mata ya fi wuya, kuma an fi yin ƙarya a kansa. Matar aure a Kano ko Katsina ko Gusau tana da sana'a a cikin gida, ƙuli-ƙuli ne ko ɗinki ko turaren wuta ko sayar da atamfa ta waya. Abin da ke riƙe ta shi ne lissafin uwar kuɗi da riba, sanin inda za ta sayi kaya da sari, da yadda za ta kai hajarta gaba da layinsu. Cibiyar da ke nesa, wadda ba a zuwa da goyo, wadda ake tashi bayan yara sun dawo daga makaranta, maigida ba zai bari ba, ko ya bari ita ba za ta ɗore ba. Inda aka haɗa darasin boko da lissafi da Islamiyya, kamar yadda ƙungiyoyi irin FOMWAN ta mata Musulmi suka daɗe suna yi, mata suna zuwa, domin ƙofar da aka riga aka amince da ita ce.

Maimakon a fuskanci waɗannan, abin da ya zama ruwan dare shi ne rabon kayan sana'a. A tara mutum ɗari biyar a ɗakin taro kwana uku, a koya musu haɗa sabulun ruwa da man shafawa, a jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe a ɗauki hoto da mai girma. Kowa ya san wasu kayan ko gida ba sa isa, a bakin ƙofa ake cinikinsu. Ba na ganin laifin mai sayarwa sosai. An ba mutum abin da bai nema ba, a unguwar da tela goma ke rigimar kwastoma biyar, shi kuma yana da bashin mai shago. Manyan shirye-shiryen tarayya sun fi wannan tsari, amma matasa suke nema. N-Power da aka fara a 2016 ta tsaya a shekara 18 zuwa 35. Shirin 3MTT na 2023, mai burin horar da mutum miliyan uku a fasahar zamani, yana buƙatar Turanci da kwamfuta da data. Suna da amfaninsu. Sai dai mai shekara arba'in da biyar, wanda shi ne ke ciyar da gida kuma shi ne ke koyar da na baya, babu layin da aka ce ya tsaya.

Wannan batu na ƙarshe shi ne zuciyar maganar. Makarantar sana'a mafi girma a Arewa ba ta da gini. Tana Fanteka a Kaduna, tana Ƙofar Ruwa da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, tana kowane gareji da shagon walda da na kafinta. Uba ya kai ɗansa ya ce, "Ga amana nan, Maigida," yaro ya yi shekara huɗu ko biyar, a yaye shi. Tsarin yana da arha, yana koyar da aiki a kan aiki, yana koyar da mu'amala da kwastoma wadda babu kwalejin da ke koyarwa. Yana kuma da lahani, kada a yi masa kwalliya. Yaro kan cinye shekarar farko a aike da wankin sifana. Wani ogan yana ɓoye sirrin aiki don kada a tsere masa. Mafi girman lahanin shi ne oga ba zai ba da abin da ba shi da shi ba. Idan saninsa ya tsaya a 1995, na yaransa takwas ma a nan zai tsaya, su ma su yaye nasu a kan haka. Inda babu sanin dalili sai a koma canki-canka, a sauya wannan a gani, a sauya wancan a gani, mai mota yana biya. A wasu fannonin abin ya wuce asarar kuɗi. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da CNG a birnin Benin, hukumomi suka ce tukunyar gas ɗin da aka sa mata haɗin walda ce ba wadda aka amince da ita ba. Haka wayarin ɗin sola da inbata da ake yi da ka yake jawo gobara a gidaje. Saboda haka nairar da aka kashe wajen sabunta sanin oga ɗaya ta fi wadda aka kashe a kan sababbin ɗalibai biyar tafiya nesa, domin shi aji ne mai tafiya da ƙafarsa.

Sai maganar takarda. Kowa na jin masu gine-gine a Abuja da Legas suna cewa sun fi son masu tayils da fulasta daga Togo da Jamhuriyar Benin. Ba hannunsu ne aka halitta daban ba. A Jamhuriyar Benin gwamnati ta shiga cikin koyon sana'ar gargajiya, yaron shago yana zuwa cibiya wasu ranaku ya koyi awo da dalilin aiki, a ƙarshe ya yi jarrabawa ya karɓi shaidar da ƙasa ta sani. A Jamus ma ƙungiyoyin masu sana'a da 'yan kasuwa ne ke shirya jarrabawar, shi ya sa mai ɗaukar aiki yake yarda da sakamakon. Najeriya tana da tsohon gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago mai mataki uku, amma darajarsa ta zube tun da aka san ana iya samun takardar ba tare da an taɓa guduma ba. Sabuwar hanyar ita ce tsarin matakan ƙwarewa na NSQ da NBTE ke jagoranta, wanda a cikinsa akwai tanadin tantance abin da mutum ya riga ya iya. Mai tantancewa ya zo wurin aikinka, ya ga kana yi, ya yi maka tambayoyi, ya ba ka matakin da ka cancanta, abin da ya rage maka kaɗai za ka je ka cike. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta fara irin wannan hulɗa da masu sana'ar Fanteka, ITF ma ta fito da shirin SUPA a 2024 domin masu aikin hannu. A takarda wannan ita ce amsar da ta fi dacewa da halinmu. A aikace masu tantancewar ba su da yawa, kuɗin ya fi ƙarfin ƙaramin mai shago, kuma takardar ba za ta yi daraja ba sai ranar da ma'aikatar ayyuka da manyan 'yan kwangila suka fara tambayar ta kafin su ba da aiki. Ƙasar da har yanzu ake jayayya a kan ko mai babbar difloma ta HND daidai yake da mai digiri, da sauran tafiya kafin ta girmama shaidar mai walda.

Wasu ƙasashe sun zaɓi su damƙa kuɗin a hannun mutum ya zaɓi abin da zai koya. Singafo ta ba duk ɗan ƙasa mai shekara 25 zuwa sama dalarta 500 ta horo daga 2016, a 2024 ta ƙara 4,000 ga masu shekara 40 zuwa sama, wato ta gane cewa tsakiyar rayuwa ce wurin da aiki ke kuɓuce wa mutum. Faransa tana zuba wa ma'aikaci yuro 500 a shekara a asusun horonsa har ya kai 5,000. Amma ko a can 'yan damfara sun yi wa asusun caa da kiran waya da kwasa-kwasan bogi, har sai da aka yi doka a ƙarshen 2022 ta hana tallar ta waya. Mai karatu ya ƙiyasta abin da zai faru idan aka buɗe irin wannan asusu a nan ba tare da an tantance cibiyoyi ba. Abin ɗauka daga wurinsu shi ne sun ware kuɗi da sunan babba, ba ragowar na yara ba.

A halin yanzu dai waya ce ke cike giɓin, ba tare da izinin kowa ba. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, mai nama da mai kayan miya da ɗan adaidaita sahu sun koyi tiransifa da duba alat cikin 'yan makonni, har waɗanda suka rantse ba za su taɓa buɗe asusun banki ba. Babu wanda ya shirya musu bita, ciniki ne ya tsaya. Masu gyaran waya suna kallon bidiyon Indiyawa da 'yan Pakistan a YouTube ba tare da jin harshen ba, idonsu na kan hannu. Teloli suna ɗauko sabon yanka a TikTok, makanikai suna da zaurukan WhatsApp inda ake tura hoton lambar da sikana ta nuna a tambayi wanda ya taɓa cin karo da ita, amsa ta zo da saƙon murya. Wannan ya isa hujja cewa babba yana koyo da sauri idan ya ga abin a tukunyarsa. Iyakarsa ita ce babu mai tace daidai da kuskure, wanda bai iya karatu ba kuma ba zai iya rubuta abin da yake nema ba, sai ya jira wani ya turo masa. A nan matsalar rashin karatu da ta tserewar zamani suke haɗuwa, kuma a nan ya kamata hukumomin ilimin manya na jihohi su haɗu da ƙungiyoyin masu sana'a irin NATA ta makanikai, a yi darasin karatu da lissafi a cikin gareji bayan La'asar, da kalmomin aikin, oga daban yara daban.

Wanda zai biya shi ne abin da ba a warware ba. Kuɗin ITF daga kamfanoni yake fitowa, su kuma suna da hujjar cewa a kashe shi a kan ma'aikatansu. Kuɗin UBE na yara ne, na TETFund na manyan makarantu ne. Abin da Bankin Duniya da sauran masu tallafi ke kawowa yana da wa'adi, shekara biyar a naɗe tabarma. Jihohi kuwa, da yake kason da suke samu daga asusun tarayya ya ƙaru bayan cire tallafin fetur, suna da halin ware wani abu, sai dai rahoton da suke bayarwa har yanzu na adadin waɗanda aka yaye ne da kayan da aka raba. Adadin waɗanda ke kan sana'ar bayan shekara guda, da ko abin da suke samu ya ƙaru, shi ne lissafin da majalisun jihohi ya kamata su nema kafin su amince da kasafin shekara mai zuwa.